Nokawut da dabbobin gida: me ya sa dokin hawan sallah yake jure bindiga amma tantabara take fashewa?

Shekaran jiya a majalisarmu aka sake tayar da maganar nokawut, sai na tuna abun da ya faru a gidanmu daren jajiberin wata ƙaramar sallah. Ƙanina yana da ɗakin tantabaru a saman soro nan Gwammaja, sun kai talatin da wani abu, kuma duk wanda ya san masu kiwon tantabara a Kano ya san yadda suke ji da su, mutum gara ya haƙura da abincin rana da dai dawa ta yanke musu. Lokacin zafi ne sai ya bar musu ƙofa a buɗe su sha iska. Wajen sha ɗayan dare yaran lungu suka samu gwangwanin madara suka cusa nokawut uku a ciki suka kunna, daidai gindin katangarmu. Ni kaina da nake ɗaki sai da na yi salati. Tantabarun nan suka fashe gaba ɗaya cikin duhu, da safe muka tsinci biyu a ƙasa, ɗaya da alama wayar Nepa ta buga ɗaya kuma bangon maƙwabta, guda shida babu su babu labarinsu, ƴan shila biyu da basu fi kwana uku da ƙyanƙyasa ba kuwa da iyayen suka bar su, kafin asuba mage ta yi sallarta da su.

Da ya fita ƙofar gida yana ta faɗa sai wani dattijon maƙwabcinmu ya ce masa, "Kai yaro, dabba ce fa. Yanzun nan in an sauko idi ƴan bindigar sarki za su yi ta ɓarin wuta a kunnen dawakai tun daga Ƙofar Mata har gidan sarki, ka taɓa jin dokin da ya mutu?" Ƙanina ya ce "Baba ai ba ɗaya bane," amma da za a ce ya faɗi bambancin ba zai iya ba, haka ya shigo gida yana huci. Gaskiya tambayar Baban ba ta banza bace, kuma mutane da yawa haka suke gani, tunda ga doki can yana tafiya cikin hayaƙin albarushi ko a jikinsa, to me zai hana mage da kaza suma su saba?

Mu fara da ita kanta ƙarar. Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel, hira tsakanin mutum biyu wajen 60 take, in mutum ya daɗe yana aiki a wajen da ƙara ta haura 85 kunnensa na fara lalacewa sannu a hankali, in ta kai 120 zuwa 130 kuwa zafi ma kunne yake yi. Kayan wasan wuta masu fashewa, in kana kusa da su, suna kai 150 har su wuce. Kuma ma'aunin nan ba irin na mudu bane da za ka ce 150 ai ninki biyu da rabi ne kawai na 60, a'a, duk ƙarin 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya ji fashewar da ta wuce 140, yaro kuma kada ta wuce 120. To wannan lissafin ɗan adam kenan, wanda yake tsaye da ƙafa biyu kunnensa na can sama, ya kuma ga lokacin da aka ƙyasta ashana ya ja da baya ya toshe kunne da yatsa.

Ita kaza fa? Nokawut a ƙasa yake fashewa, kuma kunnen kaza da na mage da na zomo tsakaninsu da ƙasa bai fi taƙi ɗaya zuwa biyu ba. A fili fetal duk sanda ka ninka nisanka da abun da ya fashe, ƙarar tana raguwa da desibel 6, amma wannan a fili ne, ba a lungunan cikin gari ba inda in adaidaita sahu ta shigo sai kowa ya manne da bango. A lungu ƙarar ba ta da wajen zuwa, ta bugi wannan bangon bulo ta dawo ta bugi wancan, ta hau rufin kwano ta yi amsa-kuwwa, shi ya sa nokawut ɗin da aka jefa a lungun Yakasai ko Fagge jin sa kake kamar a ƙarƙashin gadonka, wanda aka jefa a filin ƙwallo kuwa ɗan tas kawai za ka ji. Yaran ma sun gane haka, ba banza suke neman gwangwani ko kwalba ko bututun kwata ba.

Sannan ga kaifin kunne. Mutum mai lafiyayyen kunne yana jin sauti har zuwa mai kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, doki ya haura 30,000, kare yana kai 45,000 har sama, mage kuwa wajen 64,000, da shi take jin tsuwwar ɓera a bayan buhu kai kana zaune baka ji komai ba. Kunnen mage ɗaya tsoka 32 ne ke juya shi, an halicce shi ne don tattaro sautin da yafi kowanne rauni. Kaga kunnen da aka yi don jin motsin ɓera sai a zo a fasa masa albarushi a kusa.

Amma a nan nake so a lura, don mafi yawan masu bayanin nan a nan suke tsayawa, su ce ai dabba ta fi mu ji, shikenan. In da kaifin kunne ne kaɗai matsalar, da tsuntsaye basu shiga ciki ba, domin yawancin tsuntsaye basu fi mu jin siririn sauti ba, mu ma mun fi su. Amma suna cikin waɗanda suka fi mutuwa a daren wasan wuta. Kuma doki da ya fi mu ji shine yake tafiya a gaban ƴan bindiga. Kenan akwai wani abu bayan ƙarfin ƙara, ni a ganina ma shine uban tafiyar, wato ba-zata.

A ƙwaƙwalwar dabba, da tamu ma, akwai wani ɗan sashe mai kula da tsoro wanda baya jiran tunani. Da ƙara ta faɗo ba shiri, kafin dabba ta san me ya faru an riga an saki sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta hau bugu da sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya bar hanji ya koma cinyoyi da fukafukai, jiki ya shirya ko gudu ko faɗa. In abun ya ci gaba sai wani sinadarin mai suna kotizol ya biyo baya, shi kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya sauka. Wannan tsari ne mai kyau da Allah ya yi wa dabba don ta tsira daga kura ko shaho, a yi gudu na minti biyu a tsira jiki ya huce. Matsalar nokawut shine babu kurar da za a gani balle a san ta wuce. Dabba bata san daga ina ƙarar ta fito ba tunda bango ya watsa ta ko'ina, bata san yaushe wata za ta sake tashi ba, an yi shiru minti goma jiki ya fara sanyi sai kuma a sake, haka har ɗayan dare, kwana uku ko huɗu a jere.

To yanzu a duba dokin hawa. Dokin nan ba daga ƙauye aka kamo shi jiya aka tura shi Hawan Daushe yau ba. A barga ya zauna yana jin tambari da kakaki da algaita, ana fita da shi kilisa cikin motoci da babura da ihun yara, an saba masa kaɗan kaɗan. Hawa da rana ake yi, yana ganin ƴan bindigar da idonsa, yana jin warin albarushi tun kafin a harba, bakin bindigar sama yake kallo a buɗaɗɗen waje, akwai mahayi a bayansa riƙe da linzami, akwai wanda ya saba ba shi ciyawa yana tafe a gefensa, ga kuma tsofaffin dawakai kewaye da shi da suka yi hawa goma basu ko girgiza kunne ba, shi kuma doki dabbar garke ce, in na kusa da shi basu tsorata ba shima sai ya dake. Duk sharuɗɗan sabo sun cika kenan: an fara da kaɗan, an maimaita, ana ganin zuwan abun, kuma bayan ƙarar babu wata cuta da ta biyo. Duk da haka wanda ya taɓa tsayawa kallon hawa a Ƙofar Kudu ya san ba a rasa dokin da zai yi tabarya ko ya ƙwace ya nufi cikin jama'a. Ka ɗauki wannan dokin dai, wanda ya jure bindiga da rana, ka ɗaure shi a turke cikin duhu shi kaɗai ka jefa masa nokawut ta saman katanga, sannan ka zo ka bani labari. Doki idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, halittarsa ta abun farauta ce wanda maganin tsoronsa gudu ne, in ya rasa hanyar gudu sai ya yi ta fizgar igiya da harbin bango har ya ji wa kansa ciwo, kuma masu dawakai sun san tashin hankali na cikin abubuwan da ke tayar wa doki murɗar ciki, wadda ba ƙaramar cuta bace a wajensa.

Inda sharuɗɗan sabo basu cika ba, akasin sabo ne ke faruwa, tsoron ƙaruwa yake maimakon ya ragu. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Karen da nokawut ya firgita bana, baɗi tun ƙarar farko daga nesa zai fara karkarwa, daga nan sai tsoron ya yaɗu zuwa tsawar damina, bugun ƙofa, salansar babur, fashewar taya. A ƙasar Finland an yi wani bincike da aka wallafa a 2020 kan karnuka sama da 13,000, aka samu kusan kashi 32 cikin ɗari suna da tsananin tsoron ƙara, kuma wasan wuta ne kan gaba a abun da suke tsoro, wajen kashi 26. Karnukan nan duk shekara suna jin wasan wutar sabuwar shekara, in da maimaici kaɗai ke kawo sabo ai da sun daɗe da sabawa.

Mu koma kan tsuntsaye don a nan ɓarnar tafi yawa, kuma a nan aka fi samun hujja a rubuce. Tantabara da kaza da yawancin tsuntsayen da muke gani da rana basa gani sosai da daddare, shi ya sa da magariba kowa ke neman makwanci. In aka tashe su a firgice cikin duhu tashi suke ba tare da sanin inda suka dosa ba, abun da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi. A ƙasar Holan masana sun yi amfani da na'urar rada ta hasashen yanayi suka duba sararin sama a daren sabuwar shekara, shekaru uku a jere, suka ga da sha biyun dare ta buga aka fara harbe-harbe dubban tsuntsaye suna tashi lokaci ɗaya, suna haurawa har wajen mita 500 sama, suna shafe kusan minti 45 suna shawagi, alhali a daren da ba komai suna kwance abunsu a bakin ruwa. A wani ƙaramin gari mai suna Beebe a jihar Arkansas ta Amurka, daren shiga 2011, tsuntsaye wajen 5,000 aka wayi gari an gani zube a tituna da rufin gidaje, da aka binciki gawarwakin ba guba aka samu ba, raunin karo ne, sun tashi daga makwancinsu a ruɗe suka yi ta bugun gidaje da bishiyoyi da wayoyi. Haka a birnin Rum na Italiya ranar 1 ga Janairun 2021 aka ga ɗaruruwan tsuntsaye a mace kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. Wani binciken kuma da ya fito a 2022, an maƙala wa dinyoyin daji 347 na'urar bin sawu a Jamus da Denmak da Holan, aka ga a daren sabuwar shekara suna ƙara tafiyar kilomita 5 zuwa 16 a kan yadda suka saba, wasu ma ɗaruruwan kilomita, hutunsu na dare ya ragu da wajen awa biyu, kuma kwanaki bayan nan suna ta ƙarin kiwo don mayar da ƙarfin da suka ƙona.

Mu a nan ba mai bin balbelu da jemagun da ke kwana a manyan bishiyoyin gari da rada, amma jikin tsuntsu ɗaya ne ko a Holan ko a Goron Dutse. Kuma ga wani abu da masu tantabara suka sani, namiji da mace ne ke karɓa-karɓar kwanci, namiji da rana mace da daddare, kwana 18 ko kusa da haka kafin a ƙyanƙyashe. In macen ta tashi a firgice tsakar dare bata dawo ba, musamman a kirsimeti da sabuwar shekara da suke faɗowa tsakiyar hunturu, kafin gari ya waye ƙwan ya yi sanyi, an yi asarar wannan zubin. Kaza mai kwanci ma haka, kwana 21 take bukata, in ta fasa a kwana na 15 sai dai a zubar.

Masu kajin gidan gona a bayan gida, wanda yanzu a Kano kusan kowane layi akwai mai ɗari ko ɗari biyu, su nasu ya ma fi muni. Kajin nan in suka firgita kusurwa ɗaya suke rugawa su hau kan juna, na ƙasa su kasa numfashi, cikin ƴan mintuna sai ka ɗebo matattu ba tare da ko ƙwarzane a jikinsu ba. Masu ƙwai kuma, ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu a cikin kaza, kuma mafi yawan lokacin a wajen yin ɓawo yake tafiya, galibi cikin dare. To in aka hargitsa su a wannan lokacin sai ka ga gobe ƙwai ya fito da taushin ɓawo ko da tabon tsagewa a tsakiya, kwana biyu kuma kiret ɗin da aka saba cikawa ya ƙi cika, mai kaji ya yi ta zargin abinci ko mai sayar da magani.

Wannan ya kawo ni kan abun da yasa nake ganin kuskure ne a ɗauki maganar nan a matsayin ta Turawa masu kwana da kare a gado. Dabbar gida a Kano asusu ce. Akuyar da Hajiya ta ɗaure a tsakar gida kuɗin adashenta ne, ƴaƴan da za ta haifa an riga an yi musu lissafi a kayan ɗakin ƴar auta. Akuya da tunkiya wata biyar suke ɗaukar ciki, kuma firgita mai tsanani da guje-guje da faɗuwa a ƙarshen ciki na iya jawo ɓari. Ragon layya fa, mutum ya yi wata huɗu yana zuba masa dusa da harawa da ƙowa, ya ɗaure shi a ƙofar gida daren jajiberi, aka jefa nokawut a ƙarƙashinsa ya zabura igiya ta naɗe ƙafa ya karye. Kowa ya san dabbar da gurguntarta ta bayyana na cikin waɗanda hadisi ya ce basa yin layya, kaga a daren sallah sai mutum ya koma neman wani ragon a farashin daren sallah, saboda wasan naira nawa? In kuma zarge aka yi masa a wuya, yana fizga yana shaƙewa, wani sai dai a yi gaggawar sa masa wuƙa.

Kare kuwa nasa kashin daban ne a garin nan. Ko na gadi ne a Bompai da Nassarawa, ko na mafarauta, ko na gida a Sabon Gari, in tsoro ya kai masa karo zai tsinke sarƙa ko ya haura katanga ya faɗa titi, in mota bata buge shi ba to ga shi a unguwar da ba a san shi ba, yana haki, harshe waje, miyau na dalala, ido a warwaje. Me mutane za su ce? Mahaukacin kare. Sai jifa da sanduna. Kuma ba za ka ga laifin mutane gaba ɗaya ba tunda ciwon haukan kare gaskiya ne kuma yana kisa, sannan kare a firgice ko mai shi yana iya cizo balle yaron da ya tare masa hanya. Mage ita ɓuya take yi, ƙarƙashin gado ko cikin silin ko injin mota, ta ƙi ci ta ƙi sha, mai jego ta kwashe ƴaƴa ta canza musu waje wani lokacin ta yar da ɗaya a hanya, kuma likitocin dabbobi sun daɗe da gano alaƙar damuwa da ciwon mafitsara a mage, wanda in ya toshe wa namiji fitsari kwana biyu ya isa ya kashe shi. Zomo ƙashinsa ba ƙwari, ƙafar bayansa kuma ƙarfi gare ta, harbi ɗaya a firgice cikin keji yana iya karya masa ƙashin baya. Na kan tuna ma da na Gidan Zoo, wanda da aka buɗe shi a 1972 bayan gari ne, yanzu kuwa gari ya zagaye shi ta ko'ina, su ko wajen gudun ma babu.

Sai hayaƙi da abun da ya rage a ƙasa. Asalin albarushi, wanda aka fara haɗawa a ƙasar Sin sama da shekara dubu da ta wuce, a haɗin da aka saba yi yanzu kashi 75 cikin ɗari wani gishiri ne mai suna fotasiyam naitret, 15 gawayi, 10 farar wuta. Masu ƙara sosai kuma garin alminiyam ake haɗawa da sinadarin fakuloret. Launukan da ke burge mu ƙarafa ne ke ƙonewa, ja daga sitirontiyam, kore daga bariyam, shuɗi daga tagulla, ruwan ɗorawa daga sodiyam. Bariyam guba ne in ya shiga ciki, yana kashe ƙarfin tsoka ya taɓa bugun zuciya, fakuloret kuma yana narkewa a ruwa, yana hana ƙullutun nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo ɗaukar aidin. To wa ke fara fitowa lungu da sassafe ranar sallah? Awaki da kaji. Akuyar Kano kuwa da ba ta bar takardar ƙosai ba, ba ta bar kwali ba, kwanson nokawut za ta bari? Har da wanda bai tashi ba, da garinsa a ciki. Hayaƙin kuma tsuntsaye ya fi cutarwa saboda numfashinsu ba irin namu bane, bayan huhu suna da jakunkunan iska a jiki da ke sa iska ratsa huhun ba tsayawa, duk abun da ke cikin iskar sai ya shige su da sauri. Dalilin kenan da masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari a keji har zuwa 1986, in iska ta ɓaci shi ke fara faɗuwa. Masu kanari a Kano da ke rataye keji a bakin shago ko baranda sai su lura, balle a hunturu da hazo ya riga ya cika iska, sanyin dare kuma ya danne hayaƙi a ƙasa ya hana shi tashi.

Kusan duk sallah da kirsimeti rundunar ƴan sandan jiha na fitar da sanarwar hana nokawut, amma dalilin da ake bayarwa na tsaro ne, kuma da gaskiyarsu, wanda yake garin nan ranar 20 ga Janairun 2012, da aka kai hare-haren bama-bamai, har gobe in ya ji fashewa sai gabansa ya faɗi. Ga gobara, a ranar 26 ga Disambar 2012 ɗin dai wani ɗakin ajiyar kayan wasan wuta ya tashi a yankin Jankara na Legas ya cinye gine-gine ya jikkata mutane da dama. Dabbobi dai ba a cika sako su a lissafin ba, kuma muddin yaro zai samu a shagon unguwa da kuɗin barka da sallarsa, sanarwa kaɗai ba za ta hana ba. Abun da ke bani mamaki shine ba baƙon abu bane a wajenmu, tun muna Islamiyya aka karantar da mu matar da ta shiga wuta saboda mage da ta kulle, da hadisin tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa ƴaƴa ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya tambayi wa ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da ƴaƴanta. Tayar da hankalin ma kawai aka yi magana a kai, ba a kai ga kisa ba.

Kuma ba dole sai an kashe wa yara sallah ba. Haske daban ƙara daban, sinadarin da ke ba da launi ba shi ke ba da fashewa ba, shi ya sa wani gari a Italiya mai suna Collecchio tun 2015 ya ce a riƙa amfani da marasa ƙara sosai saboda dabbobi. Ko a nan in masu biki a wuraren taro suka zaɓi mai feshin haske suka bar mai tashi kamar bam, amarya ba abun da zai ragu a hotonta. A layinmu abun da ya ɗan yi aiki shine da iyaye suka zauna da mai unguwa aka ce wanda zai yi ya tafi filin makaranta, kuma daga an yi sallar isha'i da awa ɗaya a daina. Ba a daina duka ba, yara ne, amma ko ba komai mai dabba ya san lokacin da zai shirya, kuma nisa da fili sun rage kaifin abun.

Ƙanina yanzu tun la'asar ɗin jajiberi yake ba tantabarunsa abinci da wuri, kafin magariba ya kulle ƙofa ya rufa buhu a kan wayar ta gefen lungu ya bar ta ɗaya gefen don iska, ya ajiye ƴar rediyo a kusa tana magana ƙasa-ƙasa, don ƙarar da ta faɗo cikin wata ƙarar bata kai wadda ta faɗo cikin shiru tsit firgitarwa ba. Hajiyarmu awakinta cikin ɗakin girki na da take tura su ta kwance musu igiya, in kuma dole sai an ɗaure to ba da zarge ba. Mage a bar ta inda ta ɓuya, kada a jawo ta, kare kuma kada a doke shi don yana kuka ko ya yi fitsari a inda bai saba ba, duka tsoro yake ƙara masa, a shigar da shi ciki a zauna kusa da shi. Dan Allah kuma a daina ɗura wa dabba maganin mutane wai ta yi barci, farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe mage saboda hantarta bata iya sarrafa shi, in dabba na da tsananin tsoro a je wajen likitan dabbobi tun kafin sallah ta zo, akwai magungunan da aka yi don haka. Da asuba kuma kafin a saki awaki a share ƙofar gida, kwanson da aka tara a jiƙa shi da ruwa a ƙulle a leda, kada a zuba a kwata ko a kai bola inda wasu awakin za su tona.

Cikin shidan nan da suka ɓata, ɗaya ta dawo bayan kwana tara, wata fara mai ɗigon baƙi a wuya, ta rame kamar ba ita ba. Ta ci gaba da ƙwai har ta yi ƴaƴa, amma har yau ko ƙofar soro aka buga da ƙarfi ita ce ta farkon tashi, sauran na tsattsagar dawa ita tana can kan tankin ruwan maƙwabta, sai ta ga dama take saukowa.